Domen da Wakgurup: Yadda Za Ka Sa Su Gaisa

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin tafiya SIWES, ga aikin da ake yawan miƙa wa ɗan IT a ofis: laftof ɗin oga tana wakgurup, kwamfutar ofis tana domen, a ce ka haɗa su su yi musayar fayil. In abin ya ƙi, sai a fara zargin waya. Galibi matsalar ba a nan take ba. Tambayar ita ce, wa zai shaide ka?

A domen, saba ce ke riƙe da rajistar kowa, wato Active Directory da Microsoft ta fito da shi tare da Windows 2000. Kamar mai unguwa ne: in ya san ka, gidajen unguwar za su saurare ka. A wakgurup kuwa, kowace kwamfuta sunayen da ke cikinta kaɗai ta sani. To, ga matakan.

Na ɗaya, duba hanya. Buga ipconfig a kowace. In ta ofis tana 192.168.1.10, laftof tana 192.168.1.25, kuma mas ɗinsu 255.255.255.0 ne, layi ɗaya suke. Sai ka gwada ping. In bai amsa ba kar ka rikice, katangar tsaro ta Windows takan toshe shi.

Na biyu, buɗe ƙofa. A laftof, mayar da netwok ɗin zuwa Private, ka kunna raba fayil da firinta. Wannan zai buɗe tasha ta 445, inda SMB, ƙa'idar raba fayil, ke bi. A kwamfutar domen, wataƙila admin ya kulle saitin daga saba. Shi za ka nema.

Na uku, suna, kuma nan ake yawan faɗuwa. Daga laftof zuwa ta ofis, danna Windows da R, ka rubuta \\192.168.1.10\Takardu. In ta nemi shaida, sa sunan domen a gaba, misali OFIS\sunanka, da kalmar sirrin asusun domen. In daga ta ofis za ka shiga laftof, fara buɗe asusu a laftof ɗin, sannan ka rubuta LAFTOF\bako. In ka bar sunan kwamfutar, ta ofis za ta iya miƙa sunanka na domen, laftof ta ce ba ta san ka ba. Asusu marar kalmar sirri kuma, Windows ba ta barinsa ya shiga ta netwok.

Na huɗu, izini kashi biyu ne: na rabawa da na NTFS da ke kan foldar kanta. Wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Ka ba da cikakken iko a ɗaya, ɗayan na karatu kawai, to karatu kawai za a yi.

Gargaɗi yanzu. In wani ya ce maka "kunna SMB1 kawai, zai yi," kar ka yarda. Ta ɓarakar da ke cikinsa WannaCry ta bi a watan Mayu 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Ka kuma sani, Windows 10 da 11 ba sa karɓar haɗi sama da 20 lokaci ɗaya, kuma samfurin Home ba ya shiga domen, sai irin su Pro.

Kafin ka jona baƙuwar kwamfuta a netwok ɗin ofis, nemi izinin admin. Laftof ɗaya mai ƙwayar cuta ta isa ta ɓata fayilolin ma'aikata, kuma sunanka za a gani a rajista. Ku samu kwamfuta biyu a lab, ku gwada mataki na ɗaya zuwa na huɗu kafin ranar ta zo. Allah Ya ba mu sa'a.