Kafin ka haɗa kifayen ado a akwatin gilashi ɗaya

Mai sayar da kifin ado kala zai nuna maka, amma kai girman baki za ka fara dubawa. Duk kifin da zai iya shiga bakin wani, wata rana sai ya shiga. Kifin enjel yana ƙarami ba ruwansa da kowa. Da ya girma sai ka ga 'yan niyon tetira suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Oska kuwa yakan kai santimita 30, kuma halinsa da na tarwada ba su da maraba.

Sai batun ruwa. Gupi, tetira da koridoras suna zaman lafiya a ɗumin digiri 24 zuwa 26. Kifin zinariya ya fi son ruwa mai sanyi, ga yawan kashi, don haka ka ware masa gidansa. Sikilid na Tafkin Malawi ma ka ware musu nasu: ruwa mai ma'adinai da yawa suke so, kuma mafaɗata ne.

Tetira da koridoras 'yan ayari ne. Sayi shida ko fiye, in ba haka ba su yi ta ɓuya. Taiga bab kuwa, ni ba na haɗa shi da mai doguwar wutsiya kamar gupi, cizgar ta yake yi. Mazan beta biyu kada ma su ga juna.

Sabon kifi ya yi mako biyu a wani akwati daban tukuna, ka ga lafiyarsa.