Kafin Ka Ci Bashi, Duba Inda Kuɗinka Ke Zurarewa

Idan aljihu ya bushe, mutane da yawa kan ruga cin bashi, musamman a manhajojin waya masu ɗora kuɗin ruwa mai nauyi. Ka guji wannan, domin bashin cefane ba ya kawo riba, kuma wata mai zuwa ga cefane ga biyan bashi. Maimakon bashi, ka yi tanadi. Za ka ce samunka bai kai a yi tanadi ba. Gaskiya ne akwai tsadar rayuwa, amma katin waya da anko suna cinye kuɗi ba tare da ka ankara ba. Rubuta duk abin da ka kashe tsawon wata guda, ka raba jari da riba idan kana sana'a, sannan ka shiga adashe da amintattun mutane, ko da naira 500 ce a mako.