Darasi: Me Ya Sa Ake Auna Rubutun Manhaja da sp?

Darasin yau na masu koyon haɗa manhajar Android ne, kuma zai duba yadda ake saita girman rubutu.

Allon waya cike yake da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, wato px. Sai dai yawan ɗigon ya bambanta daga waya zuwa waya. Rubutun da ka ba 16px zai iya fitowa lafiya a ƙaramar waya, amma a allo mai ɗigo da yawa sai ya koma kamar tururuwa. Don haka Android ke da ma'aunin dp: a allo mai ɗigo 160 a kowane inci, dp ɗaya fiksel ɗaya ne, a mai 480 kuma fiksel 3 ne. Da shi ake auna maɓalli, hoto da tazara.

Shi kuwa rubutu, sp ake ba shi, kamar haka:

android:textSize="16sp"

Girman sp da dp ɗaya ne muddin mai waya bai taɓa saitin girman rubutu ba. Da zarar ya ƙara, sp zai bi shi, dp kuwa ko gezau. Ka ɗauki dattijon da ganinsa ya yi rauni, ya ƙara girman rubutun wayarsa, sannan ya buɗe manhajar tura kuɗi da aka auna rubutunta da dp. Lambar asusu za ta ci gaba da zama ƙanƙanuwa, kuma kuskuren lamba ɗaya na iya jawo asara. Mu masu rubuta Hausa ma abin ya fi shafar mu, domin lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ kan ɓace wa ido a ƙaramin rubutu, har "ƙafa" ta zama "kafa". Kada ka yi ƙasa da 12sp.

Tun daga Android 14 da ta fito a 2023, ana iya ƙara rubutu har kashi 200 cikin ɗari, amma manyan kanu ba sa ƙaruwa kamar ƙananan rubutu. A iPhone, Apple ya kawo irin wannan tsari mai suna Dynamic Type tun 2013.

Inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe shi ne su ba rubutu sp, sannan su kulle tsayin akwatinsa da dp. Idan rubutun ya girma, sai ƙasansa ya yanke. Ka sa wrap_content, akwatin ya riƙa buɗewa da kansa. Kafin ka saki manhajarka, shiga saitin waya, kai girman rubutu ƙarshe, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ka ga inda ya yanke.