Ragar Petri: Zanen Da Ke Gano Inda Aiki Zai Cije Tun Kafin A Fara

Duk mai riƙe da wayar zamani ya san lokacin da manhaja ke tsayawa cak. Caji bai ƙare ba, intanet na nan, amma allo ya ƙi motsi. Sau da yawa babu ɓangaren da ya lalace. Ayyuka biyu ne ke gudana a lokaci guda, kowanne ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke buƙata, kuma babu mai sakarwa. Masana kwamfuta suna da wani zane da ke tona irin wannan matsala tun a takarda. Sunansa ragar Petri, wato Petri net ga mai son bincike a Google.

Asalin zanen

Wani Bajamushe masanin lissafi, Carl Adam Petri, shi ne ya kawo wannan tunani. An haife shi a birnin Leipzig a 1926, ya rasu a 2010. Ya shimfiɗa tushen zanen a kundin digirinsa na uku a Darmstadt a 1962. A lokacin ana kallon kwamfuta a matsayin na'urar da ke yin abu ɗaya, ta gama, sannan ta shiga na gaba. Petri ya nemi hanyar bayyana tsarin da abubuwa da yawa ke tafiya tare, wani bai san inda wani ya kai ba.

Abubuwa huɗu kacal

Wanda ya taɓa wasan dara ba zai sha wuya ba, domin a nan ma gurabe ne da tsakuwa.

Gurbi: da'ira ce da ke nuna wani hali, misali "inji babu aiki".

Tsakuwa: ɗigon da ake sakawa cikin gurbi, alamar cewa wannan hali yana nan a yanzu.

Aiki: sanda ko ɗan akwati da ke nuna abin da zai faru.

Kibiya: layin da ke haɗa gurbi da aiki.

Doka ɗaya ce. Aiki ba ya tashi sai duk guraben da ke shiga cikinsa suna da tsakuwa. Idan ya tashi, sai ya ɗauke tsakuwa ɗaya daga kowannensu, ya ajiye ɗaya a kowane gurbin da ke gabansa.

Misali na farko: injin niƙa

A ɗauki injin niƙa a cikin garin Musawa. Yara uku sun kawo kwanukan masara, don haka gurbin "layi" yana da tsakuwa 3. Inji ɗaya ne, don haka gurbin "inji babu aiki" yana da tsakuwa 1. Aikin "fara niƙa" yana buƙatar tsakuwa daga guraben biyu. Da ya tashi, layi ya koma 2, gurbin inji ya zama wayam, tsakuwa ta sauka a "ana niƙa". Yanzu kwano na biyu ba zai shiga ba, sai aikin "gama niƙa" ya tashi ya mayar wa inji tsakuwarsa. Wannan tsakuwa guda ita ce ke hana a zuba hatsin gida biyu a haɗe.

Misali na biyu: inda aiki ke cijewa

A lokacin kaka, manoman yankin Musawa, Malumfashi da Funtua suna cikin hidimar kwaso masara, casa da kai buhuna kasuwa. A ce wani manomi yana da mota ɗaya da fili ɗaya na casa. Ayyukansa huɗu ne: lodi a gona, saukewa a fili, casa, da kwashe buhuna zuwa Funtua. Saukewa tana buƙatar mota mai kaya da filin da babu komai. Kwashewa tana buƙatar motar da babu kaya da buhunan da aka ɗinke.

Idan aka motsa tsakuwa a hankali, sai wani abu ya bayyana. Direba ya sauke kayan farko, ya koma gona ya sake lodi alhali ba a kwashe buhuna ba. Ya dawo, fili a cike. Mota na jiran fili, fili na jiran mota. Babu aikin da zai iya tashi a duk zanen. Direba bai yi laifi ba, injin casa lafiya lau, amma komai ya tsaya, ga hadari na iya haɗowa a kan masara.

Mutum zai yi dabara, ya shimfiɗa tamfol a gefe ya zube kayan. Kwamfuta ba ta da wannan wayo. Abin da aka rubuta mata shi take bi, ko da za ta kwana tana jira.

Wani zai ce a ƙara fili na biyu. Zanen zai nuna cewa wannan jinkirta matsalar kawai ya yi, domin filaye biyun na iya cika a lokacin da mota ke ɗauke da kaya. Maganin da ya fi shi ne a ƙara gurbi mai suna "izinin zuwa gona" da tsakuwa 1. Lodi yana cinye ta, kuma ba ta dawowa sai an kwashe buhuna. Ba a sayi komai ba, tsarin jerin ayyuka kawai aka gyara.

Alaƙarsa da waya da kuɗi

A ce asusu yana da naira 10,000. Mai shi yana cire 8,000 a wurin mai POS, a daidai wannan daƙiƙa kuma ana tura 8,000 daga manhajar bankin. Idan ayyukan biyu suka duba asusun kafin ɗayansu ya rage kuɗin, kowanne zai ga 10,000 ya amince, a fitar da 16,000. Masu rubuta manhaja suna toshe wannan da makulli, wanda a zane daidai yake da tsakuwar injin niƙa: wanda ya riga ɗauka shi ke taɓa asusu, ɗayan ya jira. Amma idan makullai suka yi yawa ba tsari, sai a faɗa matsalar mota da fili.

Irin wannan kuskure na rige-rige ya taɓa jawo babbar asara. Ranar 14 ga Agusta, 2003, wutar lantarki ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada, abin ya shafi mutane kusan miliyan 50. Cikin dalilan da bincike ya gano akwai manhajar gargaɗi a wani ɗakin kula da wuta a jihar Ohio, wadda ta cije ba tare da ma'aikata sun ankara ba.

Inda ake amfani da shi

A masana'antu, injiniyoyi suna zana layin sarrafa kaya da ragar Petri don gano na'urar da ke jawo tsaiko. Tsarin GRAFCET da aka fitar a Faransa a 1977, wanda ake tsara sarrafa injuna da shi, daga wannan tunani ya samo asali. A Jami'ar Aarhus ta Denmark, Kurt Jensen ya bunƙasa raga mai launi, inda kowace tsakuwa ke ɗauke da bayani, kamar nau'in hatsi ko lambar asusu. Manhajar CPN Tools daga can ta fito. Masana'antar gurzar auduga ko masaƙa irin waɗanda aka san Funtua da su, inda kaya ke bin injuna daki-daki, tana zanuwa da wannan hanya.

Me ya sa ake buƙatar kwamfuta? Saboda yawan halaye na ninkuwa da sauri. Tsari mai ɓangare 10, kowanne da hali biyu, yana iya shiga hali 1,024. Idan ɓangarorin suka kai 20, adadin ya haura miliyan ɗaya. Babu mai iya gwada wannan da hannu, amma manhaja tana bin su ɗaya bayan ɗaya ta nuna wanda babu mafita.

Aikin gwaji

Wannan darasi ba ya cin data. Mai karatu ya samu takarda da tsakuwa, ya zana shagon cajin waya mai soket 4 da wayoyi 6 a layi. Ya ƙara gurbin "janareta na aiki" da aikin "mai ya ƙare". Sannan ya amsa tambayoyi uku: Waya nawa za su iya caji a lokaci guda? Akwai halin da babu aikin da zai iya tashi? Wane gurbi za a ƙara don kauce masa? Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai iya faɗaɗa misalin masara ya zama aikin bincikensa, ta hanyar auna ainihin lokacin da lodi, casa da ɗinkin buhu ke ɗauka a gonar gidansu.