Amsoshin Tambayoyinku: Makaɗan Gargajiya da Ƙyas-ƙyas ɗin Sutudiyo

Wani mai sauraronmu daga Shanono a jihar Kano yana tambaya: me ya sa makaɗan gargajiya ke rikicewa idan aka sa musu ƙarar ƙyas-ƙyas a kunne wajen ɗaukar waƙa?

To malam, wannan ƙara ta na'urar auna bugu ce, metironom, wadda Bajamushe Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815. Bugunta ba ya gaggawa, ba ya jinkiri. Masu sutudiyo a Kano na sonta domin su ɗauki kowane kiɗa daban, su haɗa a kwamfuta.

Shi kuwa mai gangar noma a wurin gayya ya koyi hannu. Idonsa na kan masu huɗa: in aiki ya yi zafi ya ƙara wuta, in suka gaji ya sassauta. Haka masu kalangun marigayi Mamman Shata suka riƙa bin muryarsa da ta 'yan amshi. Shi ya sa bugun da ba ya canzawa ke rikita makaɗan gargajiya.

Shawararmu, makaɗi ya riƙa gwaji da na'urar a gida, sannu a hankali. In ta ƙi, a ɗauki makaɗan gaba ɗaya a zama guda, su bi junansu yadda suka saba.