Rabon Gado Idan Mamaci Bai Bar Wasiyya Ba

Gabatarwa

Mafi yawan Hausawa sukan rasu ba tare da sun bar wasiyya ba, amma hakan ba ya barin dukiyarsu kara zube, domin shari'ar Musulunci ta riga ta yanka wa kowane magaji rabonsa. Ginshiƙin wannan hukunci yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Malaman ƙasar Hausa kuwa suna bin bayanin mazhabar Malikiyya ne, kamar yadda ya zo a littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani.

Abubuwan da Ake Gabatarwa Kafin Rabo

Da farko akan tattara duk abin da mamaci ya bari a gaban shaidu: gida da gona da dabbobi da kuɗi da sutura, har da bashin da yake bin mutane. Daga ciki za a fitar da kuɗin likkafani da na binnewa, sannan a biya basussukan da ake bin sa. Da a ce ya yi wasiyya, a nan za a zartar da ita, muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, kuma ba magaji aka yi wa ba. Idan babu, sai a wuce kai tsaye zuwa ga magada. In wata daga cikin matansa tana da juna biyu, akan dakata har ta haihu.

Rabe-raben Magada

Magada iri biyu ne. Akwai masu yankakken rabo, su ne ake fara sallama. Mace tana samun tumuni (1/8) idan mijinta ya bar ɗa ko 'ya, in bai bari ba ta sami rubu'i (1/4). Miji yana samun rubu'i idan matarsa ta bar zuriya, in babu ya ɗauki rabi. Uwa tana da sudusi (1/6) in akwai 'ya'ya. Sai kuma asaba, wato masu kwashe abin da ya rage, irin su 'ya'ya maza tare da 'yan'uwansu mata, inda namiji yake ɗaukar rabon mata biyu.

Misali

A ƙaddara wani magidanci ya rasu ya bar naira 2,500,000, aka fitar da 100,000 na jana'iza da bashi, saura 2,400,000. Ya bar mata biyu da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matan nan za su raba tumuni guda, wato 300,000, kowace ta sami 150,000. Mahaifiya za ta karɓi sudusi, wato 400,000. Ragowar 1,700,000 za a kasa shi biyar: kowane namiji 680,000, 'yar kuwa 340,000.

Inda Rashin Wasiyya Yake Cutarwa

Na kusa yana katange na nesa. Saboda haka jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar kakan ya bar ɗa namiji da rai. Haka nan agola da ɗan riƙo ba su da rabo, komai daɗewarsu a gidan. Irin waɗannan wasiyya ce kaɗai, ko kyauta tun mai dukiya yana raye, take iya tallafa musu.

Wata matsalar ita ce jinkiri. Sau da yawa akan bar gona ko gida a hannun babban wa da sunan riƙon zumunci, shekaru su shuɗe, wasu magadan su mutu, haƙƙin mata da marayu ya salwanta. Wanda aka danne yana iya kai ƙara gaban alƙali, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron ɗaukaka ƙara kan gadon Musulmi.

Kammalawa

Ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya fahimci cewa rigimar gado ba ta tasowa daga rashin wasiyya sosai, ta fi tasowa daga jahiltar hukunci da son zuciya da jan lokaci.

Tambayoyin Bita

1. Jero abubuwan da ake fitarwa daga dukiyar mamaci kafin a raba gado.
2. Bayyana ma'anar tumuni da sudusi da asaba.
3. Mace ta rasu ta bar miji da ɗa namiji ɗaya da naira 800,000 bayan biyan bashi. Nawa ne rabon kowannensu?