Fatakwal: Wa Ya Gina Ta, Wa Kuma Yake Da Haƙƙi A Cikinta?

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal, tun daga mahautan da suka yi zamani a Trans-Amadi har zuwa 'yan gwarin Mil Wan da Mil Tiri a Diobu, sun shekara talatin ko fiye a garin, sun yi aure sun haifu, amma har yau suna ɗaukar kansu 'yan ci-rani. Ba su san ofishin kansilan unguwarsu ba, katin zaɓensu kuwa yana can Kano ko Sakkwato. Wannan kuskure ne, kuma tarihin birnin da kansa ya isa ya nuna haka.

Fatakwal ba tsohon birni ba ne mai ganuwa irin Katsina ko Zazzau. A 1909 Turawa suka gano kwal a tsaunukan Udi, kusa da inda Inugu take yanzu, sai suka shiga neman gaɓar da jirgin ruwa zai tsaya ya ɗauka. Suka same ta a bakin Kogin Bonny. A 1913 suka karɓi fili daga hannun mutanen Diobu da na Okrika, Gwamna Lugga ya raɗa wa wurin sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila, sunan da bakin Bahaushe ya mayar Fatakwal. A 1916 layin dogo ya haɗa ta da Inugu, daga baya ya miƙe ta Makurɗi da Kafanchan ya riski Arewa. Kwal ya sauko, shanu da gyaɗa suka biyo shi, leburori da fatake suka zo daga kowace kusurwa. Da aka tono man fetur a Oloibiri a 1956, aka buɗe matatar Eleme a 1965, sai garin ya tumbatsa, masana'antu suka cika Trans-Amadi. Ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Gowon ya ƙirƙiro Jihar Ribas, Fatakwal ta zama babban birninta, da Gidan Gwamnati da majalisar dokoki da manyan kotuna, sannan jami'ar tarayya da aka soma a 1975. Ƙasar ta Ikwere da Okrika ce, wannan ba abin musu ba ne, kuma wajibi ne a girmama su a kai. Amma birnin da ke bisa ƙasar, gumin mutane iri-iri ne ya tayar da shi, da na Bahaushe a ciki.

Wani zai ce, ai baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Zai tuna 1966 da yaƙin basasa, lokacin da mutane suka bar dukiyarsu suka tsere, na Arewa daga Gabas, na Gabas daga Arewa. Wannan tsoro yana da tushe, ba za mu raina shi ba. Sai dai a duba da kyau: wanda ba shi da ƙuri'a, ba shi da rasit ɗin haraji, ba shi da takardar rumfa, shi ne ake fara tasa in za a rushe kasuwa, domin ba wanda zai yi asarar komai in ya tafi. Janye jiki bai taɓa kare kowa ba. Kuma ga Malam Umaru Altine, Bafillace daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, wanda ya shiga jam'iyyar NCNC, mutanen Inugu suka zaɓe shi, ya zama magajin garinsu na farko a shekarun 1950. Da ya tsaya a zango yana jiran ranar komawa gida, da ba mu ji sunansa ba.

Wani kuma zai ce Sarkin Hausawa ya wadatar. Lallai yana sasanta rigima, yana karɓar baƙo, yana tsaya wa gawa. Amma ba shi ke yin kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba, ba shi ke yanke inda za a mayar da kwata ba. Gaskiya ne takardar shaidar asalin jiha tana tare wa 'ya'yanmu hanyar aikin gwamnati da tallafin karatu, kuma wannan ciwo ne da ba a warkar ba tukuna. Amma zaɓe ba ya bukatarta. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so, na 43 ya ba shi damar mallakar gida da fili a ko'ina, hukumar zaɓe kuma tana mayar wa mutum rajistarsa zuwa mazaɓar da yake zaune in ya nema kafin a rufe rajista.